Yadda 'Yar Ƙwayar Da Ke Rina Teku Take Hayayyafa

Daga Wakilinmu

A cikin watan Satumba na shekarar 1972 ne masuntan da ke zaune a gaɓar jihar Massachusetts ta ƙasar Amurka suka wayi gari suka tarar ruwan teku ya sake launi, ya yi ja-ja kamar an kaɗa masa jar ƙasa. Ba a jima ba agwagin ruwa da sauran tsuntsayen teku suka shiga mutuwa a bakin gaɓa. Kafin hukuma ta farga, mutane wajen 30 sun kwanta rashin lafiya bayan sun ci naman kawa da ƙumba, watau halittun nan masu ɓawo biyu da ake haƙowa a bakin teku. Allah ya sa ba a rasa rai ba, amma dai tilas aka hana kama su da sayar da su, kasuwar masunta ta faɗi warwas, har kifin da babu abin da ya same shi jama'a suka ƙaurace masa don tsoro.

Abin da ya fi ɗaure wa masana kai shi ne, a da can arewa wajen iyakar Kanada aka san wannan annoba, mutanen wannan yanki ba su saba da ita ba. Amma tun daga wannan shekara sai ta zama baƙuwar da ta ƙi tafiya, kusan kowace shekara in ɗumi ya shigo sai an sami dafin a jikin kawa. In kuwa aka ɗebi ruwan a tsakiyar hunturu aka duba, da ƙyar a ga alamar abin da ke jawo ta. To, ina take ɓuya a tsawon watannin sanyi, kuma me ke maido ta wuri guda a lokaci guda? Amsar wannan tambaya tana cikin yadda wata 'yar mitsitsiyar halitta take barbara, ta kwanta barci a cikin laka, sa'an nan ta farka.

Mai bulala biyu

Halittar da ake magana a kanta masana kimiyya na kiranta dainofilajilet. Sunan ya samo asali ne daga kalmomi biyu, ɗaya ta Girkanci mai nufin juyawa, ɗaya ta Latin mai nufin bulala. Dalili kuwa shi ne tana da wasu zare biyu masu kama da bulala, ɗaya ya zagaye tsakiyar jikinta kamar ɗamara, ɗaya kuma yana jan baya kamar wutsiya, saboda haka in tana iyo sai ta riƙa juyawa kamar katantanwa. Jikinta duka ƙwaya ɗaya ce tak, ba a ganinta sai da madubin likita. Irin wadda ta rina ruwan Massachusetts, wadda a yau ake kira Alexandrium, sai an jera guda 30 kafin su cika tsawon milimita ɗaya.

An san jinsi fiye da 2,000 na wannan halitta, yawancinsu a teku suke, wasu kuma a tafkuna da madatsun ruwa. Kimanin rabinsu da hasken rana suke haɗa abincinsu kamar tsirrai, shi ya sa ake lissafa su cikin dangin gansakuka. Sauran kuwa farauta suke yi, suna cin ƙwayoyin da ba su kai su ba. Kada mai karatu ya ɗauka dukansu masu cutarwa ne. Su ne abincin ƙananan halittun da kifi ke ci, wasunsu ne ke zaune a cikin jikin murjani suna ciyar da shi, wasu kuma su ne ke sa ruwan teku ya riƙa ƙyalli da dare in kwalekwale ya ratsa shi. Masu dafi kaɗan ne ƙwarai a cikinsu, amma fa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Hayayyafa iri biyu

Muddin ruwa na da ɗumi, da haske, da wadatar abinci, wannan ƙwaya ba ta bukatar abokin tarayya. Rabuwa kawai take yi gida biyu, kowane ɓari ya zama cikakkiyar ƙwaya mai kama da uwarta ta kowace fuska. A mafi yawan jinsuna hakan na faruwa sau ɗaya a cikin kwana ɗaya zuwa uku. Ɗalibi na iya yin lissafin da kansa: ƙwaya ɗaya in ta ninka sau 20 ta haura miliyan ɗaya, in kuwa kowane kwana biyu take rabuwa, kwana 40 sun isa. Idan iska da igiyar ruwa suka tara irin waɗannan ƙwayoyi a wuri ɗaya, nan ne ruwa ke rinewa, abin da za mu kira jan ruwa a wannan bayani.

Amma daɗi ba ya ɗorewa. Sannu a hankali ƙwayoyin kan cinye sinadaran da ke cikin ruwan, musamman naitirojin da fosfaras, watau irin waɗanda ke cikin takin zamani, ko kuma yanayin zafi ya canja. A nan ne hanya ta biyu ke buɗewa. Wasu daga cikin ƙwayoyin sai su zama 'yan barbara, su riƙa kewaya juna, daga bisani biyu su manne, su narke cikin juna su zama ƙwaya ɗaya. A wasu jinsunan ma'auratan girmansu ɗaya, ba a iya cewa ga namiji ga mace, sai dai masana su sa wa ɗaya alamar tarawa, ɗaya alamar ɗebewa. A wasu kuma ɗaya ya fi ɗaya girma nesa ba kusa ba. Akwai jinsunan da 'ya'yan uwa ɗaya kan haɗu da juna, akwai kuma waɗanda ba sa haɗuwa sai da bare.

A nan akwai wani bambanci tsakaninsu da mu wanda ya kamata ɗalibai su lura da shi. A jikin ɗan Adam kowace ƙwaya na ɗauke da jeri biyu na kiromosom, watau zare-zaren da ke riƙe da gadon halitta, jeri ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Ita kuwa wannan halitta, a mafi yawan jinsunanta, jeri ɗaya take ɗauke da shi a duk tsawon zamanta na yau da kullum. Ba ta samun jeri biyu sai bayan barbara. Sabuwar ƙwayar da aka samu ta fi iyayenta girma da duhu, kuma ana gane ta da wutsiya biyu a baya maimakon ɗaya. Takan yi kwanaki tana iyo tana tara kitse da sitaci a jikinta, kamar matafiyin da ke haɗa guzuri.

Barci a cikin laka

Da guzuri ya kammala sai ta zubar da bulalanta, ta gina wa kanta wani ƙwanso mai kauri, ta nutse zuwa ƙasan teku ta kwanta cikin laka. Duk wanda ya tashi a bakin fadama ya san gaiwa, kifin nan da ke shigewa cikin taɓo in ruwa ya janye, ya lulluɓe kansa ya yi shiru har damina ta dawo. To, kusan haka al'amarin yake, sai dai ita gaiwa da kanta take kwanciya, alhali wannan ƙwanso 'ya'yan barbara ne ke ciki, watau ya fi kama da irin shuka da ke jiran ruwan sama. Bangonsa na da ƙarfin da ruɓa ba ta cinsa da sauƙi, sanyi da duhu ba su dame shi ba.

Ba kowane jinsi ne aka sani da yin wannan ƙwanso ba. Waɗanda aka tabbatar ba su wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ba, amma da yawa daga cikin masu dafi suna cikinsu. Har ila yau binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa ba kullum ne ƙwayar da aka samu ta barbara take kwanciya ba, wani lokaci takan rabu nan take ta ci gaba da yawo. Akwai kuma wani ƙwanso marar kauri wanda ƙwaya kan shiga na 'yan kwanaki in ta gamu da wahala, ba tare da barbara ba. Wanda ya shafi batunmu shi ne mai kaurin.

Shi wannan yana da wa'adi. In bai cika ba, ko an sa shi cikin ruwa mai ɗumi da haske ba zai ƙyanƙyashe ba. A wasu jinsunan wa'adin bai wuce mako biyu ba, a wasu kuwa yakan kai watanni. Bayan cikar wa'adi sai ya jira yanayi mai kyau, kuma in laka ta binne shi a inda babu iskar shaƙa, haka zai ci gaba da barci shekara da shekaru. Ran da ya ƙyanƙyashe, ƙwayar kan fito ta wata kafa a jikin bangon, ta rarraba jeri biyun nan na gado, 'ya'yanta su koma masu jeri ɗaya, kowanne da irin rabon da ya samu daga iyayen biyu. Amfanin barbarar ke nan: ta cakuɗa gado yadda za a sami 'ya'ya masu halaye dabam-dabam, wasu su jure abin da wasu ba za su jure ba, kana ta ba zuriyar mafaka a lokacin tsanani.

Yadda aka gano asirin

An daɗe ba a fahimci wannan al'amari ba, domin a ƙarƙashin madubi ƙwaya biyu da ke haɗewa sun yi kama ƙwarai da ƙwaya ɗaya da ke rabuwa. Wani masani Bajamushe, Hans von Stosch, na Jami'ar Marburg, shi ne ya zauna da haƙuri a shekarun 1960 da farkon 1970 yana renon waɗannan ƙwayoyi a cikin kwalabe, yana bin su mataki-mataki, har ya nuna a fili cewa barbara suke yi, kuma ƙananan ƙwayoyin da ake gani a jinsin Ceratium mazaje ne.

Ta wani gefen kuma masu nazarin duwatsu sun daɗe da tsintar ƙwanson ba tare da sun san ko na mene ne ba. Tun a shekarun 1830 wani Bajamushen, Christian Ehrenberg, ya ga wasu ƙananan abubuwa masu ƙayoyi a cikin dutsen ƙanƙara irin wanda ake ƙyasta wuta da shi. Sai a 1961 wani Ba'amurke, William Evitt, ya kawo hujjar cewa ƙwanson dainofilajilet ne. Bayan 'yan shekaru David Wall da Barrie Dale na cibiyar binciken teku ta Woods Hole suka ɗebo laka daga ƙasan teku, suka tsinto irin waɗannan ƙwansuna, suka sa su cikin ruwa, sai ga ƙwayoyi masu rai sun fito suna iyo. Daga nan gardama ta ƙare.

Wannan ilmi ne ya warware matsalar Massachusetts. A 1978 Donald Anderson da David Wall suka nuna cewa ƙwayar da ta rina ruwa a 1972 tana da ƙwanso a kwance cikin lakar gaɓar, kuma ɗumin da ke biyo bayan hunturu ne ke tayar da shi. Watau jan ruwan da ya zo bai tafi haka nan ba, sai da ya shuka irinsa. Barbarar da ke kawo ƙarshen annobar bana ita ce ke ajiye ta baɗi.

Wani abin mamaki ya ƙara fitowa a 1987. An ɗebo ƙwansuna daga wuri mai zurfi a mashigin tekun Maine, inda haske ba ya kaiwa kuma sanyi ba ya canjawa sosai, aka ajiye su cikin duhu da sanyi iri ɗaya, ana gwada su wata-wata. Sai aka tarar suna yarda su ƙyanƙyashe a wani lokaci na shekara, su ƙi a wani, kamar dai suna da kalanda a cikin jikinsu. Game da tsawon barcin kuwa, a 2011 masana na Jami'ar Kofanhagan sun ba da labarin ƙwansunan da suka haƙo daga lakar wani mashigin ruwa a ƙasar Suwidin, waɗanda suka yi kusan shekara 100 a binne, amma da aka sa su cikin ruwa suka farka.

Dafin da wuta ba ta kashewa

Ita kawa tace ruwa take yi ta ci abin da ke ciki, saboda haka in ƙwayoyi masu dafi suka yawaita sai dafin ya taru a namanta, ita kuwa sau da yawa ba abin da ke samunta. Mutumin da ya ci, cikin rabin sa'a yakan ji leɓɓansa da harshensa sun mutu, abin ya gangara hannu da ƙafa, in ya yi tsanani numfashi ya tsaya cikin sa'o'i. Sunan dafin saksitoksin, aikinsa toshe hanyar da jijiyoyi ke aika saƙo. Dafuwa ko suya ba sa kashe shi, kuma har yau ba shi da makari, sai dai a taimaka wa majinyaci da na'urar numfashi har jikinsa ya fitar da shi. Wani abin lura shi ne kawa na iya ɗaukar dafi ko da ruwan bai sake launi ba.

Cutar tsohuwa ce. A 1793 wasu matuƙan jirgin Kyaftin George Vancouver sun ci ƙumba a gaɓar yammacin Kanada, ɗaya ya mutu, har aka sa wa wurin suna mai nufin lungun dafi. A 1987 kuma a garin Champerico na ƙasar Gwatamala mutane 187 suka kamu, 26 suka rasu, kuma cutar ta fi yi wa ƙananan yara illa. Shi ya sa ƙasashe da dama suka sa doka cewa in dafin ya kai maikirogiram 80 a cikin giram 100 na nama, tilas a rufe wurin kamun.

Ƙidayar iri kafin damina

Da aka gane cewa laka ce rumbun wannan annoba, sai aka ga ashe ana iya yin hasashe. Bayan babban jan ruwan da ya auku a mashigin tekun Maine a 2005, wanda ba a ga irinsa ba tun 1972, masana suka dage da fita da jirgi a ƙarshen kowace shekara suna ɗibar laka wuri-wuri suna ƙirga ƙwansuna. A 2008 suka fitar da hasashe tun kafin lokaci cewa annobar bana za ta yi ƙarfi, haka kuwa aka yi. Amma a 2010 sun sake faɗin haka ganin yawan ƙwansunan da suka ƙirga, sai abin bai auku ba, domin yanayin ruwan ya canja a shekarar. Manomi ba zai yi mamakin wannan ba, ya san yawan iri a ƙasa ba shi kaɗai ke kawo amfani ba, sai damina ta yi kyau. Duk da haka hasashen na ba hukuma da masunta damar shiri, wanda a 1972 ba su samu ba.

Baƙi a cikin jirgin ruwa

Ƙarfin ƙwanson ya jawo wata matsalar. Babban jirgin ruwa in ya sauke kaya yakan ɗebi ruwa mai yawa a cikin tankunansa don ya yi nauyi kada ya yi tangaɗi, in ya isa tashar da zai yi lodi sai ya zubar. Tare da ruwan yakan kwaso laka. Ƙwayar da ke iyo ba ta cika jure duhun tanki na makonni ba, amma shi ƙwanso ko a jikinsa. A tsibirin Tasmaniya na ƙasar Ostareliya an fara fama da wani jinsi mai dafi, Gymnodinium catenatum, a shekarun 1980, kuma da aka bincika lakar wurin sai aka tarar ƙwansonsa bai bayyana ba sai a farkon shekarun 1970, daidai lokacin da jiragen ɗaukar ɓarzajjen katako suka fara zirga-zirga tsakanin tsibirin da Japan. Gustaaf Hallegraeff da abokin aikinsa, waɗanda suka duba tankunan jiragen da ke shiga Ostareliya, sun ƙiyasta cewa tanki ɗaya na wani jirgi na ɗauke da ƙwanso fiye da miliyan 300.

Irin wannan bincike na cikin abubuwan da suka sa Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya ta zartar da yarjejeniya a kan wannan ruwa na tankunan jirage a 2004, wadda ta fara aiki a watan Satumba na 2017. Ta wajabta wa jirage su tace ruwan ko su kashe abin da ke cikinsa kafin su zubar.

Abin da ya shafe mu

Mai karatu da ke Kano ko Sakkwato na iya cewa ina ruwan biri da gada. To, Nijeriya na da gaɓar teku mai tsawon kilomita wajen 850, kuma jiragen dakon ɗanyen mai da ke zuwa Bonny da Forcados fanko suke zuwa, watau da ruwan wata ƙasa a cikinsu, a nan suke zubar da shi su yi lodi. Mutanen gaɓar kuwa suna cin kawa da dangoginta, suna kuma sayarwa. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar da muka ambata, saura aiki da ita, wanda ke bukatar ma'aikatan da suka san abin da suke nema in sun leƙa tankin jirgi.

Bugu da ƙari, wannan ƙwanso na da amfani ga masu neman mai. Da yake ba ya ruɓewa, ana samunsa a cikin duwatsun da suka haura shekara miliyan 200, kuma kowane zamani da irin nasa. Masana kan duba dutsen da aka haƙo daga rijiya, su ga irin ƙwansunan da ke ciki tare da ƙurar furanni ta dā, su faɗi shekarun dutsen, su kuma gane ko teku ya taɓa rufe wurin. Ana yin wannan aiki a kan duwatsun yankin Neja Delta da na kwarin Binuwai.

Saboda haka ɗaliban da ke karatun ilmin halittu da na ƙasa kada su raina darasin ƙananan ƙwayoyi, akwai aiki a cikinsa. Su kuma ma'aikatan da ke kula da tasoshin jiragen ruwa, da kamun kifi, da lafiyar abinci, ya kamata su tuna cewa jinsin da ya sami shiga ya kwanta a lakar wata gaɓa, babu wata sananniyar hanyar fitar da shi. Mutanen Massachusetts sun haura shekara 50 suna gwada kawarsu kowace shekara. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kiyashe mu.